Ganyen da muke sharewa mu ƙone, shi bishiya ke nema

Duk wanda ya taɓa sauke kabeji ko karas a kasuwar Mile 12 ya san kayan Jos. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wani ɓangare na kayan nan a kan ƙasar da haƙar kuza ta wahalar ake noma shi. A Bukuru, cikin ƙaramar hukumar Jos ta Kudu, kamfanin Turawa na ATMN ya kafa hedikwatarsa, kuma har yau tsibin ƙasa da kududdufan da aka bari suna nan. Da ruwan kududdufan ake noman rani.

Wanda ya dasa mangwaro ko fiya a gidansa a Bukuru ya san halin ƙasar. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ne mai ƙarfi, kusan milimita 1,400 a shekara, yana dukan ƙasa yana kwashe samanta. Hunturu na shigowa kuma sai ta bushe ta yi tauri. Ka zuba ruwa da safe, kafin azahar babu alamarsa.

Maganin ba na kuɗi ba ne: a lulluɓe gindin bishiya da busasshen ganye, ciyawa, ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa. Shimfiɗar tana tare ɗigon ruwa kafin ya fasa ƙasa, tana hana rana shanye danshi, tana danne ciyayi. A hankali ta ruɓe ta zama taki, tana ta shigo ta sassauta wurin.

To amma mu, tsakar gida in ba ta yi fes ba sai a ce matar gidan ƙazama ce. Kullum da safe a share ganye, a tara, a cinna wuta, sannan a tafi neman takin zamani. Gaskiya wannan asara ce. A share hanya da bakin ɗaki, amma ganyen a mayar wa bishiyar da ta zubo shi.

Kauri ya kai kamar yatsu huɗu, faɗi kuma ya bi inuwar rassan, don saiwoyin da ke shan ruwa ba a jikin kututture suke ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jibge tarin a jikin bishiyar. A bar tazarar taƙi ɗaya, in ba haka ba ɓawon zai jiƙe ya ruɓe. Garin katako kuwa a bar shi a sama, in aka cakuɗa shi cikin ƙasa yakan sa ganyen shuka ya yi ɗorawa. Ganyen turare, wanda aka dasa da yawa a tsofaffin filayen kuza, yana jinkirin ruɓewa. Ya fi dacewa da manyan bishiyoyi, ba kwamin alayyafo ba.

Ku da ke Agege, Sabon Ibadan ko Fatakwal, damunarku ta fi tsawo, danshi ya fi yawa. Ku rage kauri, ku riƙa ƙarawa don saurin ruɓewa. A nisanta shimfiɗar daga bango da ƙyauren katako saboda gara, kuma inda yara ke wasa a riƙa motsa ta da sanda, don kunama na son wurin sanyi.