Kafin a ƙara kuɗin talla a Google, a fara sanin me ya biyo bayan dannawa

Mai talla a Google Ads yakan biya kuɗi ne duk lokacin da wani ya danna tallarsa. Asusun tallar zai nuna masa kalmar da mutumin ya nema da kuɗin da aka cire masa, amma idan bai ɗauki wani mataki ba, nan labarin yake tsayawa. Ko mutumin ya sayi kaya, ko ya rufe shafin cikin daƙiƙa biyu, duk lissafi ɗaya ne. Kamar mai shago ne da ke biyan ɗan kamasho a kan kowane mutum da ya kawo bakin ƙofa, ba tare da ya duba wanda ya ciro kuɗi daga aljihu ba. Abin da ke faruwa a cikin shafin kuwa Google Analytics ne yake ganinsa, manhajar da Google ya fitar a 2005 bayan ya sayi kamfanin Urchin. Shi ya sa nake ganin barin waɗannan asusai biyu a rabe asara ce da ɗan kasuwa ke jawo wa kansa.

Haɗa su ba ya cin kuɗi. Ana yi ne daga sashen gudanarwa na Analytics, muddin mutum yana da ikon gyara a can da ikon shugabanci a asusun tallar. Da zarar an haɗa kuma an kunna alamar da Google ke liƙa wa adireshin shafi da kansa, wadda ake kira gclid, kowace ziyara za ta zo da shaidar tallar da ta kawo ta. Daga nan mai kasuwa zai ga cewa wata kalma mai tsada tana kawo jama'a birjik amma babu ciniki, wata mai araha kuma tana kawo kaɗan masu saye. Mafi muhimmanci shi ne, ana iya mayar da wannan bayani ga Google Ads, domin na'urar da ke yin tayin farashi a madadin mai talla tana koyo ne daga abin da aka ce mata shi ne nasara. A nan ne kuskure ke yin tsada. Wanda ya ce mata buɗe shafi nasara ce, za ta yi ta nemo masa masu buɗe shafi da kuɗinsa. Dole abin da ake ƙirgawa ya kasance mai kusanci da ciniki: kammala biya, cike fom, ko danna lambar waya.

Wasu za su ce alƙaluman ba sa daidaituwa. Gaskiya ne, domin ɗaya dannawa yake ƙirgawa, ɗayan kuma ziyara, kuma akwai wanda ke fita kafin shafi ya gama buɗewa idan intanet ba ta da ƙarfi. Bambancin nan ma darasi ne, don yakan tona nauyin shafi. Wasu kuma za su ce cinikinsu a WhatsApp yake ƙarewa, kamar yadda aka saba a Kano ko Kaduna. Ko a haka ana iya ƙirga danna maɓallin WhatsApp da ke shafin, sannan a kwatanta da littafin ciniki. Wannan kwatancen ne kuma amsar wanda ke tsoron cewa Google ne mai sayar da talla kuma shi ne mai auna ta: kuɗin da ya shiga banki shi ne alƙali.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na sirrin masu ziyara, kuma bai kamata a raina shi ba. A farkon 2022 hukumomin kare bayanai na Ostiriya da Faransa sun yanke cewa yadda ake amfani da Analytics ya saɓa wa dokar Turai, saboda tura bayanai zuwa Amurka. Najeriya ma ta samu dokar kare bayanai a watan Yuni na 2023. Don haka mai shafi ya sanar da masu ziyara abin da yake tattarawa, ya nemi yardarsu, kuma kada ya tura suna, lambar waya ko imel zuwa Analytics, abin da ƙa'idojin Google ma suka hana. Wanda kuma ya yi haɗin tun zamanin tsohon Analytics ya sake dubawa, domin wancan ya daina karɓar bayanai a ranar 1 ga Yuli, 2023, kuma sabon, wato GA4, yana buƙatar nasa haɗin.