3.2 Daidaita Sha'awar Yaro da Amfanin Abin da Yake Ci Lokacin Tara

A makarantun firamare na ƙasar Hausa, yaro ne ke riƙe da kuɗin tararsa, don haka shi ke zaɓen abin da zai saya. Galibi alewa da biskit da lemon kwalba ne ke jan hankalinsa, saboda zaƙi da launi. Waɗannan kuwa sukari ne ya rinjaya a cikinsu. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irin wannan sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abincinsa a yini.

Sai dai tilasta wa yaro abin da ba ya so ba ya magance matsalar, domin abincin da ya dawo gida a kwano bai gina jikin kowa ba. Mafita ita ce a nemi abin da ya haɗa daɗi da amfani. Misali, ƙosai da awara da ƙuli-ƙuli duk yara na son su, kuma wake da waken suya da gyaɗa suna ɗauke da furotin, wato sinadarin gina jiki. Idan aka haɗa su da lemon zaƙi ko gwaiba, bitamin C da ke ciki kan taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfen da ke cikin waken.

Duk da haka, wajibi ne a guji gyaɗar da ta yi funfuna, saboda tana iya ɗauke da gubar afalatoksin mai lahanta hanta.