Zaitun a Safakis: Yanayin Ƙasa da Gadon Gona

Zaitun itace ne na ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, inda ruwan sama ke sauka a lokacin sanyi, watannin zafi kuma su wuce babu ɗigo. Ba ya yin fure sosai sai ya sha sanyi na makonni da dama, galibi ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas. Shi ya sa a ƙasar da zafi bai yankewa bishiyar kan yi kore shar, amma ta hana 'ya'ya.

Yankin Safakis na ƙasar Tunisiya yana samun wannan sanyi, ruwa ne ya yi masa ƙaranci. Abin da ke sauka a shekara bai wuce milimita 200 ba, wato bai kai sulusin na Kano ba. Dabarar manoman ita ce tazara: sukan bar mita 24 tsakanin bishiya da bishiya, ta yadda hekta guda ba ta ɗaukar fiye da 17. Saiwoyin na bazuwa cikin jigawa suna tattara laima, manomi kuma yana yawan huɗa don kada ciyawa ta raba ruwan da su. Baƙo zai ga kamar ɓarnar fili ce, alhali lissafi ne mai kyau.

Sai dai zaitun da ba a yi masa ban-ruwa yana da nawa. Yakan haura shekara 10 kafin ya ba da amfanin kirki, ko ya fara ma, shekarar da ya yi yabanya ta gaba sai ya huta. A kan wannan jinkiri aka gina tsohuwar yarjejeniyar mugarasa: mai fili ya ba da fili, manomi ya dasa ya yi reno, in bishiyoyi sun fara 'ya'ya a raba gonar. Iyalai da yawa ta haka suka mallaki tasu, kuma sau da yawa ɗa ko jika ne ke cin moriyar dashen.

Wajen rabon gado ne tazarar nan ke zama matsala. Gona mai hekta 10 bishiya 170 ce. In aka raba ta tsakanin magada 5, kowa ya tashi da 34, waɗanda ba za su riƙe gida ba. Ga tsinka da hannu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, samari kuwa sun tafi birni. A Sifen da Fotugal ana dasa sama da bishiya 1,500 a hekta, inji ya girbe tun a shekara ta uku, amma da ban-ruwan da jigawar Safakis ba ta da shi.