Wuƙar Aljihu: Kulle Yana da Amfani?

Wasu suna cewa kullen wuƙa mai naɗewa ado ne kawai. In rogo kake ferewa, da gaskiyarsu. Amma in ka sa tsini za ka huda jarka ko fata, marar kulle takan rufe a kan yatsunka. Jijiyar da ke miƙe yatsa tana dab da fata. In ta tsinke, sai an ɗinke.

Sayi mai kulle, ka ji ta ce ƙas kafin ka soma aiki.

In ka yanke, wanke da sabulu, danne da tsumma mai tsabta minti 10. Kada ka sa toka ko ƙasa. Yatsa ya ƙi miƙewa? Zo asibiti ran nan, da katin rigakafinka.