Hanyar Rubutu Zalla Ga Malamai Da 'Yan Kasuwa

Ku sani, ya jama'ar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, babbar mota mai lodi takan kafe a laka da damina, jaki kuwa ya raɓa ta gefe ya wuce da ɗan kayansa. Haka al'amarin intanet yake a garuruwan da sabis bai da ƙarfi. Shafukan zamanin nan an labta musu hotuna da majigi da tallace-tallace, har mutum ya ƙarar da kuɗin datarsa bai ga layi biyun da yake nema ba. Hoto guda na waya yakan fi rubutun shafi ɗari nauyi.

To, akwai wata hanya dabam wadda rubutu kaɗai take ɗauka, sunanta Gemini. Wani mai kiran kansa Solderpunk ya fara ta a shekarar 1440 ta Hijira, wato 2019. Ya ɗauki darasi daga wata tsohuwar hanya mai suna Gopher, wadda aka ƙago a Jami'ar Minnesota ta ƙasar Amurka a 1991. Kada a rikita ta da Gemini na kamfanin Google, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Shafin Gemini kamar allo yake: baƙaƙe a jere, babu ado. Hoto ba ya buɗewa sai mai karatu ya taɓa shi da kansa. Kowace ƙofa mai kaiwa wani shafi tana bisa layinta ita kaɗai. Saƙon da ke tsakanin waya da gidan shafin a kulle yake tafiya.

Ga yadda ake farawa. Chrome ba ya buɗe waɗannan shafuka, sai an sa wata manhaja ta musamman. Wadda ta shahara ita ce Lagrange, kyauta ce, akwai ta Android da ta kwamfuta. Mai gyaran waya a kasuwa zai iya sa ta. Bayan haka sai a rubuta adireshi, wanda ke farawa da gemini:// a maimakon https://. A fara da gemini://geminiprotocol.net, daga nan ƙofofi za su kai mutum gaba.

Amma fa a san iyakarta. Ba ta aiki inda babu sabis sam. Mutanen waɗannan ƙananan hukumomi uku ba su manta watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, aka yi watanni ba kira ba saƙo. A irin wannan hali takarda da tawada su ne madogara. Na biyu, mafi yawan abin da ke cikinta da Turanci aka rubuta.

Wannan giɓi na biyu malamai ne masu cike shi. Tsarin rubutun Gemini yana karɓar baƙaƙen Larabci kamar yadda yake karɓar boko. Malami zai iya shifta darasi, ɗalibinsa mai ilmin kwamfuta ya ɗora shi. Ɗan kasuwar Sheme zai iya rubuta farashin masara da na shanu cikin layi goma, mai waya a ƙauye ya karanta da ɗan sabis kaɗan. Rijiya ce an riga an gina, saura masu guga. Allah ya sa a dace, wassalam.