Kyamarar cikin mota da wutar da take sha

Manyan hanyoyi biyu ne ke ɗauke da zirga-zirgar birnin Maraɗi: hanya mai lamba 1 wadda ta taso daga Yamai, ta biyo ta Tibiri, ta nufi Damagaram, da kuma ta kudu wadda ta bi ta Jiratawa zuwa Ɗan Isa da iyakar Najeriya. Wasu direbobin da ke bin su sun soma manna ƴar ƙaramar kyamara a gilashin gaba, domin in an yi karo a sami shaidar da za a nuna wa jandarma. Dabara ce mai kyau, amma ya kamata jama'a su san yadda ake ba na'urar wuta, don ganganci a wajen yana iya ƙone mota ɗungum.

Batirin ƙaramar mota bolt 12 gare shi, in inji ya tashi yana kaiwa wajen 14. Manyan kamiyo kuwa 24 gare su. Ita kyamara yawanci bolt 5 kaɗai take bukata, kamar wayar hannu. Saboda haka ake sayar da ita tare da ɗan kan da ake sokawa a ramin kunna taba, wanda a cikinsa ne ake rage ƙarfin wutar. Duk wanda ya yanke kan nan ya haɗa waya kai tsaye, nan take zai kashe na'urarsa. Mai kamiyo kuma sai ya duba jikin kan, ya tabbata an rubuta 12 zuwa 24.

Babban haɗarin yana wajen waya. Kyamara ba ta cika jan abin da ya wuce amfer 1 ko 2 ba, amma batirin da ke juya inji yana iya sakin amfer ɗaruruwa. In robar waya ta goge, ƙarfenta ya taɓa jikin mota, sai ta yi ja jawur cikin ƙiftawar ido, wuta ta kama kujera. Aikin fizibil ke nan: ya tsinke kafin waya ta ƙone. Na ramin taba galibi amfer 10 ne ko 15, ya yi wa siririyar wayar kyamara girma. Don haka mai son haɗi na dindindin sai ya je wurin mai gyaran wutar mota, a ɗauko wutar daga akwatin fizibil, a sa mata nata ƙarami na amfer 2 ko 3 daf da inda aka ɗauko ta, a ɗaure baƙar waya da kusa a jikin ƙarfen mota. Al'adar nan ta maye fizibil da guntun waya ko takardar kwalin taba, wadda ta zama ruwan dare a tashoshi, ba gyara ba ce, cire mai gadi ne daga bakin ƙofa.

Sai maganar kwanan mota. A wasu motoci ramin taba yana mutuwa da zarar an zare makulli, a wasu kuwa yana nan da wuta dare da rana. Kyamarar da ke jan kashi ɗaya cikin uku na amfer tana cin amfer-awa 8 a kwana guda. Batirin amfer-awa 45 da aka ajiye kwana huɗu haka nan, da wuya ya tada inji. Akwai wayar haɗi mai yanke wuta da kanta in batiri ya sauka wajen bolt 12, ita ta dace da mai son kyamara ta yi masa gadi.

Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke haura 40 a Maraɗi, shi ma abin lura ne, domin bayan gilashi ya fi haka nesa ba kusa ba. Ƙaramin batirin litiyom da ke cikin wasu kyamarori yana kumbura a irin wannan zafi. An fi amincewa da masu kondansatar a madadinsa. In an tsaya a rana, gara a cire na'urar.

A ƙarshe, a bi da waya ta gefen rufi a ɓoye, nesa da birki da totur, kada kuma ta gitta gaban jakar iska da ke cikin ginshiƙin gilashi a motocin zamani. In fizibil ya tsinke har sau biyu, kada a sa wanda ya fi shi girma, a koma wurin mai gyara ya nemo inda waya ta goge.