Mata a Wurin Gini: Daga Ɗaukar Kwano Zuwa Riƙe Cokali

In aka ce 'ya mace ta koyi aikin birkila, ko walda, ko wayarin, da yawa daga cikinmu mukan ji abin bambaraƙwai. Amma mata sun daɗe a wurin gini. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake zuba kankaren bene a Jos ko a gefen Abuja ya ga layin mata da kwano a ka, suna hawa suna sauka tun safe har la'asar. Su ne ke ɗebo ruwan kwaɓi, su ke jidar yashi da bulo. A gindin duwatsun Filato kuma za ka tarar da su zaune da guduma suna fasa dutse ya zama tsakuwa, wata ma da goyo. Aikin da ya fi kowanne cin jiki a wurin gini yana hannunsu, kuɗin da ya fi kowanne ƙanƙanta kuma shi ne nasu. Wannan shi ne abin da muke so mu duba, 'yan'uwa: me ya sa mace takan shekara goma tana miƙa wa birkila kwaɓi, ba ta taɓa riƙe cokalinsa ba?

Bari mu fara tuna abin da kakanninmu suka sani. A ginin gargajiya na ƙasar Hausa maza ne ke yin tubali su ɗora katanga, kuma sana'ar tana da Sarkin Magina. Daɓe kuwa na mata ne. In an gama ɗaki, matan unguwa sukan taru da madaɓi, su baza ƙasa da tsakuwa, su yayyafa ruwan makuba da aka samo daga ɓawon ɗorawa, su yi ta bugu suna waƙa har ƙasa ta yi santsi ta yi ƙarfi. Wannan gwaninta ce, domin daɓen da ba a san kansa ba yakan farfashe kafin damina ta zagayo. A rugar Fulani mace ce ke kafa bukkarta, a wurin Abzinawa ma tanti na mace ne, ita ke kafa shi. A Tiebele ta ƙasar Burkina Faso mata ne ke yaɓe bango su zana masa ado, har a 2024 hukumar UNESCO ta sa fadar garin cikin wuraren tarihi na duniya. Masu karatun Littafin Nehemiya kuma za su tuna cewa a sura ta 3, cikin jerin waɗanda suka gyara garun Urushalima, an ambaci Shallum tare da 'ya'yansa mata.

Da siminti ya zo, sai daɓe ya koma aikin birkila, aka fara biyan kuɗi a kansa, matan kuma suka koma masu ɗauko masa ruwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake koyon sana'a a wurinmu. Yawancin birkiloli da kafintoci da masu walda ba a aji suka koya ba. Yaro yakan fara da lebura ko yaron shago. Wata rana oga ya gaji, ya ce masa, “Zo ka jera mini layin nan.” Ya jera a karkace, a rushe, ya sake. Bayan shekara biyu ko uku ya san igiya, ya san kusurwa, ya san cewa kankaren da ake kira 1:2:4 yana nufin awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Daga nan a yaye shi, ya fara karɓar nasa aikin. Matar da ke tsaye kusa da shi ta ga duk abin da ya gani, wataƙila ma ta fi shi lura, amma ba wanda zai ce mata ta zo ta gwada. Oga yana gudun bakin mutane, sauran leburori za su yi dariya, ita ma ba ta sa rai ba. Ga kuma iyaye, waɗanda ba su yarda su bar budurwa shekara uku a hannun namijin da ba danginsu ba. Wannan tsoro na iyaye yana da dalili, za mu dawo kansa.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce ƙarfi. A ganinmu wannan hujja ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma ɗaukar kaya irin wannan aikin lebura ne, wato sashen da aka riga aka bar wa mata. Jera bulo, filasta, sa tayil, fenti, haɗa wayar lantarki, gyaran famfo, kafa sola, duk sun fi bukatar ido da haƙuri da lissafi. Matar da ke hawa bene da kwanon kankare sau da yawa a yini ba za a ce cokalin gini ya fi ƙarfinta ba.

Tarihin wasu ƙasashe ya nuna abin da ke faruwa in bukata ta matsa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da maza suka tafi fagen daga, mata da yawa ne suka yi aikin gadar Waterloo da ke kan kogin Thames a Landan, wadda aka buɗe a 1942 aka kammala a 1945. Masu tuƙa jiragen ruwa a kogin sun daɗe suna kiranta gadar mata. Da aka gama yaƙi sai aka sallami matan, aka kuma manta da su a rubuce, har sai da wata malamar tarihi mai suna Christine Wall ta tono hotunansu suna walda, sannan a 2015 aka shigar da labarinsu cikin bayanin gadar a hukumance. Gadar tana nan ana hawa.

Misalin Indiya ya fi kusa da namu, domin a can ma mata ne ke ɗaukar bulo a ka, maza na jerawa. A 2014 gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da shirin tsabta na Swachh Bharat, wanda ya bukaci a gina miliyoyin masai a ƙauyuka. A jihar Jharkhand magina maza ba su isa ba, da yawa sun tafi cirani birane, wasu kuma suna ganin ginin masai bai kai su ɓata lokaci ba. Sai aka koya wa dubban matan karkara aikin. A can ana kiran birkila raj mistri, su kuwa aka sa musu suna rani mistri, wato sarauniyar magina. Da yawa daga cikinsu tsofaffin leburori ne, shi ya sa horon bai ɗauki dogon lokaci ba: sun riga sun san kwaɓi, abin da ya rage kawai a ba su cokali da igiya. Bayan masai wasu suka ci gaba da gina gidaje.

A nan gida muna da Sandra Aguebor, 'yar Benin ta jihar Edo, wadda ta fara koyon gyaran mota tun tana yarinya, aka kuma san ta a matsayin mace makanike ta farko a Nijeriya. A 2004 ta kafa ƙungiyar Lady Mechanic Initiative don koya wa 'yan mata sana'ar. 

Akwai ma wata kasuwa da ke jiran mata a Arewa wadda ba mu cika maganarta ba. Gidaje nawa ne aka rubuta “ba shiga” a ƙofarsu? In famfo ya fashe ko soket ya ƙone da hantsi, matar gida sai ta jira maigida ya dawo kafin a shigo da mai gyara. Mace mai wayarin ko mai gyaran famfo sallama kawai za ta yi ta shiga. Haka ɗakunan kwanan ɗalibai mata da ɗakunan haihuwa.

To, wadda take so ta shiga, ta ina za ta bi? Hanya ta farko ita ce kwalejojin fasaha na gwamnati, inda ake koyar da gini, kafinta, lantarki da walda, a kuma rubuta jarrabawar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992. Akwai kuma Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, wanda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarsa tana Jos, da hukumar samar da aikin yi ta NDE, dukansu sukan buɗe horo lokaci zuwa lokaci. Wadda ta koya a hannun oga kuwa, kada ta tsaya a bikin yaye. Ta nemi takardar Trade Test ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ke farawa daga mataki na III, a hau na II, a ƙare da na I. Namiji yakan sami aiki da bakin abokai. Mace kuwa ɗan kwangila zai yi mata kallon shakka tun kafin ta buɗe baki, takarda ce za ta sa ya bar ta ta gwada.

Kada mu ɓoye wahalar da ke ciki. Siminti jiƙaƙƙe yana cin fata, shi ya sa ƙafafun masu kwaɓi ba takalmi suke tsattsagewa. Ƙurar dutse tana taruwa a huhu a hankali, ta jawo tari da numfashi sama-sama bayan shekaru, kuma in ta yi ɓarna ba a iya gyarawa. Masu fasa dutse su riƙa jiƙa shi da ruwa, su rufe hanci, su kuma nisantar da jarirai daga wurin. Hasken walda yana ƙona ido. Kayan kariya kuma galibi da awon maza aka ɗinka su: safar hannun da ta yi wa mace yawa injin yana iya kama ta, takalmin da ya yi mata girma zai iya kayar da ita daga kan tsani. Wurin gini da yawa ba shi da makewayi, maza su juya baya a bayan katanga, mace kuwa ta ƙi shan ruwa yini guda cikin rana don kada ta matsu. Duk ɗan kwangilar da ke cikinmu ya sani cewa kwano huɗu da ƙofa sun isa su magance wannan.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 54, ta ba ma'aikaciya hutun mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta cika wata shida a wurin aiki. Wannan yana amfanar wadda kamfani ya ɗauka a rubuce. Mai aikin yini kuwa, ranar da ba ta fito ba babu ko sisi, shi ya sa muke ganin masu tsohon ciki da kwano a ka. Wannan ma wani dalili ne na neman gwaninta da takarda.

Mu koma kan tsoron iyaye. Cin zarafin 'yan mata a wurin koyon sana'a abu ne da ke faruwa, daga bakar magana har zuwa ogan da ke cewa sai an ba shi haɗin kai zai koyar. Hana yarinya sana'a bai kawar da wannan ba, domin mai talla da 'yar aikin gida ma suna fuskantarsa. Abin da ya kamata shi ne uba ko uwa su je da kansu su ga wurin, su tambayi maƙwabtan shagon halin ogan. A yi yarjejeniya a rubuce a gaban shaidu: shekara nawa, me za a koya, ƙarfe nawa za a tashi, nawa ne kuɗin yaye. In zai yiwu a kai 'yan mata biyu tare maimakon ɗaya. A kuma faɗa wa ogan tun ranar farko cewa an kawo ta ne ta riƙe kayan aiki, don kada wata shida ya wuce a tarar aikinta shara da sayo masa abinci.